Darasin Karatu: Yadda Ake Bincike da Rubuta Maƙala Mai Kafa Hujja a Jami'a

Wannan darasi na ɗalibanmu ne da suka samu gurbi a jami'a ko babbar kwaleji, da kuma 'yan ajin ƙarshe na sakandare da ke shirin bin sahunsu. Ko a Marwa kuka samu gurbi, ko Diffa, ko Maraɗi, ko Yamai, ko N'Djamena, akwai aiki guda da ke jiran ku tun shekarar farko. Malami zai ba ku batu, ya ce ku je ku bincika, ku rubuto shafi biyar ko goma, ku faɗi matsayarku, ku kare ta. Irin wannan aikin ne yake girma har ya zama kundin kammala digiri, wanda a Najeriya ake cewa furojet, a jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci kuma memuwar.

Muna ba shi muhimmanci ne saboda abin da ke rataye da shi. Tallafin karatu irin na DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta kafa a 1992, ana ci gaba da bayar da shi ne idan ɗalibi yana cin jarrabawarsa. Ɗalibin da ya iya hadda amma bai iya kafa hujja ba, makinsa kan faɗi a irin wannan aiki. Wanda kuma aka kama ya kwafi rubutun wani, yana iya rasa makin kwas ɗin gaba ɗaya, a wasu makarantun ma har kora. Gurbin da aka sha wuya kafin a samu, bai kamata a rasa shi kan abin da ake iya koya cikin 'yan makonni ba.

Domin darasin ya zauna sosai, za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, wato Tafkin Chadi, wanda da yawa daga cikinmu a gaɓarsa aka haife su.

1. Mece ce maƙala mai kafa hujja?

A sakandare an saba a tambaye ku abin da ke cikin littafi, ku mayar da shi yadda yake. A jami'a malami ya riga ya san abin da ke cikin littafin. Abin da yake nema shi ne ya ga ko za ku iya duba maganganun masana da suka saɓa wa juna, ku zaɓi wadda ta fi ƙarfi, ku faɗi dalili.

Ku ɗauke ta kamar shari'a a gaban alƙali. Wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaidu. Alƙali ba ya yanke hukunci don mutum ya ɗaga murya ko ya yi rantsuwa da yawa. Yana sauraron ɓangare biyu, ya auna shaidun kowa. A maƙala, ku ne mai ƙara, malami shi ne alƙali, littattafai da alƙaluma su ne shaidunku. Abubuwa uku ne ba a rasa su a ciki: matsaya, hujjojin da ke riƙe da ita, da amsa ga wanda bai yarda ba.

2. Ku mayar da batu ya zama tambaya

"Tafkin Chadi" batu ne, ba a iya rubuta maƙala a kansa haka nan. Ya ƙunshi kamun kifi, noma, kiwo, tsaro, tarihin Borno, iyakokin ƙasashe huɗu. Wanda ya ce zai taɓa su duka a shafi goma, zai ƙare da jerin labarai marasa alƙibla.

Sai a rage shi mataki-mataki. Da farko ku zaɓi ɓangare: ruwan tafkin. Sannan lokaci: daga 1963 zuwa yau. Sannan ku nemo wurin da masana suka yi saɓani. A nan saɓanin a fili yake. An ƙiyasta faɗin tafkin da murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 sararin ruwan da ake gani ya koma ƙasa da 2,000. Kowa ya yarda ya ragu. Inda aka rabu shi ne dalili. Tambayarmu ke nan: me ya fi rage Tafkin Chadi, fari ne ko ɗibar ruwa don noman rani?

Tambaya mai kyau tana da alamomi. Ba a amsa ta da "i" ko "a'a" kawai. Mutum biyu masu hankali za su iya ba da amsa daban. Akwai bayanan da za ku iya samu da abin da ke hannunku. Malaman Faransanci suna kiran wannan tambaya furobilematik, kuma sukan fara duba ta kafin su karanta sauran. Kafin ku ci gaba, ku kai wa malaminku tambayar a rubuce ya gani. Minti biyar a ofishinsa na iya hana ku ɓata mako uku.

3. Ina ake samo bayani?

Mun san halin da ake ciki: wuta ba kullum ba, kuɗin data kaɗan, kwamfuta ɗaya ga mutum da yawa. Don haka sai an shirya kafin a hau intanet. Ku rubuta kalmomin da za ku nema a takarda tun kuna ɗaki, da Turanci da Faransanci duka, domin yawancin binciken da aka yi kan tafkin da waɗannan harsuna biyu aka rubuta shi. Idan kuka samu layi, ku sauke takardun a waya ko filas, ku karanta daga baya.

Ku fara da laburaren makarantarku. Ku gaya wa ma'aikacin laburare tambayarku, ku kuma nemi ya nuna muku kundayen ɗaliban da suka gama a sashenku. Daga jerin manazartar da ke ƙarshen kowane kundi za ku ga littattafan da ake yawan komawa gare su.

A intanet akwai wuraren da ake samun rubutun masana. Google Scholar yana nemo maƙalun mujallun ilimi. AJOL ya tara mujallun jami'o'in Afirka, wasu kyauta. Persée da OpenEdition da HAL suna da dubban rubuce-rubucen Faransanci da ba a biyan ko sisi. Cibiyar bincike ta Faransa, IRD, ta daɗe tana aiki a yankin tafkin, kuma ta buɗe rumbun takardunta ga kowa. ReliefWeb, na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana ajiye rahotannin hukumomin agaji. Hukumar Kula da Tafkin Chadi, wadda Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa ranar 22 ga Mayu, 1964, a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, ita ma tana wallafa rahotanninta.

Wikipedia wurin farawa ce. Ku karanta don ku gane batun, ku gangara ƙasa ku ɗauki sunayen littattafan da aka dogara da su, ku nemo su. Yawancin malamai ba sa karɓar ta a matsayin madogara.

Kada ku karanta kowace maƙala daga farko zuwa ƙarshe tun tashin farko. Ku karanta tsakuren da ke sama, sannan kammalawa. Idan ta shafi tambayarku, sai ku koma ku bi ta a tsanake.

4. Ku auna kowace majiya

Waɗanda suka yi karatun zaure sun san yadda malaman hadisi ke bin isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne? Haka ake yi wa kowace takarda. Wa ya rubuta, mene ne saninsa a wannan fanni? Yaushe aka rubuta? Wa ya wallafa, wa ya biya kuɗin aikin? Ta yaya ya samo alƙalumansa? Maƙalar mujallar ilimi tana da daraja ne saboda kafin a buga ta sai wasu masanan fannin sun tantance ta. Saƙon da aka turo a WhatsApp babu sunan marubuci, babu kwanan wata, ba shi da gurbi a aikinku.

Ga yadda wannan ke aiki a misalinmu. A 2001, Michael Coe da Jonathan Foley na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun wallafa bincike da ya yi suna. Sun ce tsakanin 1966 da 1975 noman rani kashi 5 cikin 100 kawai ya haddasa na raguwar tafkin, amma tsakanin 1983 da 1994 ɗibar ruwa ta ninka sau huɗu, har ta zama sanadin kusan rabin ƙarin raguwar. Jaridu da yawa sun ɗauki wannan magana suna maimaita ta shekara da shekaru.

A 2014 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jacques Lemoalle da Géraud Magrin sun yi wa Hukumar Tafkin nazari mai faɗi, suka nuna cewa tafkin dama can yana cika yana janyewa gwargwadon damina. A 2020 kuma mujallar Scientific Reports ta buga binciken Binh Pham-Duc da abokan aikinsa, waɗanda suka yi amfani da bayanan tauraron ɗan adam, suka gano cewa a shekaru ashirin da suka gabaci binciken tafkin bai ci gaba da raguwa ba.

To wa ke da gaskiya? A nan ne aikin ɗalibi yake. Idan kuka duba da kyau za ku ga ba lokaci ɗaya suke magana a kai ba: na 2001 ya tsaya a 1994, na 2020 ya duba shekarun bayan 2000. Za ku kuma ga ba abu ɗaya kowa ke aunawa ba. Tafkin ba shi da zurfi, kuma ruwa mai yawa yana ƙarƙashin ciyayi da kainuwa. Hoton sama na iya nuna kore alhali ruwa ne a ƙasa. Wanda ya ƙirga sararin ruwa kaɗai zai samu adadi ƙarami, wanda ya haɗa da fadamun zai samu babba. Duk lokacin da kuka ga alƙaluma biyu sun saɓa, ku tambaya: me aka auna, yaushe, da me?

5. Littafin ajiye bayani

Ku ware littafi guda don wannan aiki kaɗai. Kowace majiya ku ba ta shafinta. A saman shafin ku rubuta sunan marubuci, shekara, sunan aikin, inda aka buga, da lambar shafi. Ku yi wannan a lokacin da takardar take gabanku. Neman lambar shafi daren da za a miƙa aiki wahala ce da ake iya kauce mata.

Ku raba shafin gida biyu. A hagu, abin da marubucin ya ce. Idan kalmominsa ne kuka kwafa daidai, ku sa su cikin alamar zancen wani. A dama, abin da ku kuke gani: ya gamsar da ku? Ya saɓa wa wani? Wace tambaya ya bari? Wannan ɓangaren na dama shi ne zai zama maƙalarku. Amfanin rabawar kuwa, bayan mako biyu ba za ku rikita maganar wani da taku ba. Mai kwamfuta yana iya sauke Zotero, manhaja ce ta kyauta da ke ajiye manazarta, amma littafi da biro sun wadatar.

6. Ku tsayar da matsaya

Bayan kun karanta majiya shida ko takwas masu ƙarfi, ku rufe littattafan, ku rubuta amsarku cikin jimla ɗaya ko biyu. "Tafkin Chadi yana da muhimmanci ga al'umma" ba matsaya ba ce, domin babu mai musu. "Akwai dalilai da yawa da suka sa tafkin ya ragu" ita ma ba ta ce komai ba. Ga wadda za a iya karewa:

"Babban abin da ya rage Tafkin Chadi tsakanin 1970 da 1990 shi ne ƙarancin ruwan sama a yankin da kogunan Chari da Logon ke tattaro ruwa. Madatsun ruwa da noman rani sun ƙara tsananta lamarin, musamman a kan Komadugu Yobe, amma tasirinsu bai kai na fari ba."

Wannan ta faɗi lokaci, ta faɗi wuri, ta zaɓi ɓangare, ta kuma bar wa ɗaya ɓangaren haƙƙinsa. Idan kuna cikin rubutu kuka ci karo da hujjar da ta rinjaye ta, ku gyara matsayar. Malami yana ƙara maki ga ɗalibin da hujja ta juya shi.

7. Tsarin maƙala

Gabatarwa ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na aikin. A ciki ku nuna batun, ku yi tambayar, ku faɗi matsayarku, ku bayyana hanyar da za ku bi. Ba sai kun fara da tarihin duniya ba.

Gundarin aikin sakin layi ne bi da bi, kowanne da hujja ɗaya. Jimlar farko ta faɗi hujjar, na biye su kawo shaida, na ƙarshe su bayyana yadda shaidar ta tallafi matsayarku. Wannan bayanin na ƙarshe shi ɗalibai suka fi mantawa. Sukan ajiye adadi su wuce, kamar wanda ya kawo shaida kotu bai bar shi ya yi magana ba. Ga misalin sakin layi cikakke:

"Hujja ta farko ita ce lokacin da raguwar ta faru. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga tafkin daga Chari da Logon yake zuwa, su kuma daga kudu suke tasowa, wajen Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa. Lokacin farin 1972 zuwa 1974 ruwan waɗannan koguna ya faɗi ƙwarai, har tafkin ya rabu gida biyu, na arewa da na kudu. Madatsar Maga da ke Kamaru kuwa sai a 1979 aka gina ta, ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ko binciken da ya fi ɗora laifi a kan noman rani ya yarda cewa kafin 1975 rabonsa kashi 5 ne kawai (Coe da Foley, 2001). Tunda tafkin ya riga ya rabu kafin yawancin manyan ayyukan su fara aiki, ba za a ce su ne suka fara rage shi ba."

Ku lura da yadda aka ɗauko shaida daga bakin ɗaya ɓangaren. Shaidar da abokin hamayya ya yarda da ita ta fi kowace ƙarfi. Sakin layi na biyu zai iya kawo babban shirin noman rani na Kudancin Chadi da ke wajen Marte a Borno, wanda aka tsara don alkama da shinkafa, amma tafkin ya janye ya bar mashigin ruwansa a bushe. Na uku zai iya komawa tarihi: a farkon ƙarni na 20 jami'in Faransa Jean Tilho ya tarar da tafkin ya janye ƙwarai, tun babu madatsa ko ɗaya, har ya kasa yanayinsa gida uku, ƙarami da matsakaici da babba.

Kammalawa ta amsa tambayar da aka yi a gabatarwa, ta faɗi abin da amsar ke nufi. Ba a kawo sabuwar hujja a cikinta.

Ku tambayi malaminku tsarin da yake so. A tsarin Ingilishi ana faɗin matsaya tun a gabatarwa. A tsarin Faransanci, musamman a disertasiyo, sau da yawa ana kawo magana, a kawo kishiyarta, sannan a haɗa su a fitar da matsaya a ƙarshe. Wanda ya yi sakandare a Najeriya ya shiga jami'ar Faransanci, ya kula da wannan bambanci tun daga aikin farko.

8. Ku ba mai saɓani haƙƙinsa

Maƙalar da ta ɓoye hujjar ɗaya ɓangaren tana da rauni, domin malami ya san hujjar. Ku kawo ta da ƙarfinta, yadda mai ita zai ce lallai haka yake nufi, sannan ku amsa. A misalinmu za a ce: madatsun Tiga da Challawa sun rage ruwan da ke gangarowa ta Haɗeja da Gashuwa zuwa Komadugu Yobe, kuma manoma da masunta na wannan yanki sun ji a jikinsu. Wannan gaskiya ne, ku amince da shi. Amsar ita ce Komadugu Yobe kaso kaɗan take kaiwa tafkin idan aka kwatanta da Chari, don haka illar ta yi tsanani ga mutanen gaɓar kogin, amma ba ta isa ta bayyana raguwar tafkin duka ba.

Wannan muhawara tana da nauyi a wajen aji. Akwai shirin Transaqua, wanda wani kamfanin Italiya ya daɗe da kawo shawararsa, na haƙa magudana mai tsawon kilomita kusan 2,400 don janyo ruwa daga kwarin Kogin Kongo zuwa Chari. Idan tafkin ƙafewa yake yi, masu goyon bayan shirin suna da babbar hujja. Idan kuwa cika da janyewa yake yi, kamar yadda rahoton cibiyar adelphi ta Berlin ya nuna a 2019, to abin da ya fi damun jama'a shi ne rashin sanin yadda ruwa zai zo daga shekara zuwa shekara, kuma magani daban ake buƙata. Ambaliyar 2022 a N'Djamena da Kuseri ta tuna wa kowa cewa matsalar ruwa a yankin nan fuska biyu gare ta. Ɗalibin da ya iya auna irin waɗannan hujjoji, gobe shi za a nema idan ana shawarar inda za a zuba kuɗin jama'a.

9. Ambaton majiya da satar rubutu

Duk adadi, duk ra'ayi, duk jimlar da kuka ɗauko daga wani, sai kun faɗi mai ita. A tsarin APA, wanda sassa da yawa ke bi, ana sa sunan marubuci da shekara a cikin baka, kamar yadda kuka gani a sama, sannan a jera cikakken bayanin kowace majiya a shafin ƙarshe bisa jerin haruffa. Wasu sassan sun fi son a rubuta majiya a ƙasan shafi. Ku bi wanda sashenku ya zaɓa, kada ku gauraya.

Satar rubutu iri-iri ce. Kwafar jimlar wani ba tare da alamar zance ba sata ce. Canza kalma biyu a bar ginin jimlar yadda yake, ita ma sata ce. Fassara rubutun wani daga Faransanci zuwa Turanci a miƙa shi a matsayin naka, sata ce. Biyan wani a shagon kwamfuta ya rubuta maka, ya fi duka muni. Jami'o'i da yawa suna amfani da manhajoji irin su Turnitin, kuma ko babu manhaja, malamin da ya saba da rubutunku zai gane ranar da muryarku ta canza. Hanyar tsira: ku karanta, ku rufe littafin, ku rubuta abin da kuka fahimta da kalmominku, ku buɗe ku gwada, sannan ku sa sunan mai shi.

Game da ChatGPT da makamantansa, ku tambayi dokar makarantarku. Ku kuma sani cewa irin waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su, su jera su kamar gaske. Kada ku ambaci majiyar da ba ku buɗe ta da idonku ba.

10. Idan za ku yi hira da mutane

A sansani akwai dattawan da suka yi su a Baga da Doron Baga da Malam Fatori, sun ga ruwa ya tafi, sun ga ya dawo. Abin da suka sani babu shi a littattafai da yawa, kuma yana ƙara wa aiki daraja. Amma akwai ƙa'ida. Ku samu amincewar malaminku da izinin hukumar sansani kafin ku fara. Ku bayyana wa mutum ko ku su wane ne, da abin da za a yi da maganarsa, ku kuma gaya masa a fili cewa hirar ba ta da alaƙa da rabon abinci ko rajista ko wani taimako. Yana da damar ya ƙi, ko ya tsaya a tsakiya. Kada ku rubuta sunansa, ko lambar matsuguninsa, ko sunan ƙauyensa idan ƙarami ne da za a iya gane shi. "Wani masunci mai kimanin shekara 60" ya isa. Kada ku ɗauki hoto ko murya sai da yardarsa, kuma kada ku matsa wa kowa ya ba da labarin abin da ya raba shi da gida. Kundi yana zama a laburare shekaru da yawa, ba ku san hannun da zai faɗa ba.

Ku kuma tuna cewa hira da mutum biyar tana nuna abin da mutum biyar suka gani. Ku rubuta "waɗanda muka zanta da su sun ce", kada ku rubuta "masunta duka sun ce".

11. Lokaci da gyara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan an ba ku mako shida, ga yadda za ku raba shi. Mako na 1, tambaya da ganin malami. Mako na 2 da na 3, karatu da cika littafin bayani. Mako na 4, matsaya da jerin hujjoji a shafi ɗaya, sannan daftarin farko. Mako na 5, gyaran hujja: ko kowane sakin layi yana tallafar matsaya? Wanda ba ya yi, ku cire shi ko da kun sha wuya a kansa. Mako na 6, gyaran harshe da manazarta, da buga aiki kwana biyu kafin ranar miƙawa, saboda wuta da layin shagon buga takardu.

Idan Turanci ko Faransanci yana ba ku wuya, ku fara bayyana hujjar da baki da Hausa ko Kanuri ga wani abokin karatu. Idan ya gane, to tunanin ya nuna, saura sauya harshe. Ku yi gajerun jimloli. Malami ya fi son jimla mai sauƙi da ke ɗauke da hujja a kan manyan kalmomin da aka tsinto daga ƙamus. A ƙarshe ku karanta aikin da ƙarfi, kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Ku ajiye kwafi a wuri biyu, filas da imel.

Aikin gwaji

Kafin fitowa ta gaba, ku haɗu biyu-biyu ko uku-uku. Kowa ya zaɓi batu ɗaya: itacen girki da dashen bishiyoyi a kewayen sansani, ko harshen da ya kamata a fara koyar da yara da shi a firamare, ko taimakon kuɗi a hannu da taimakon kayan abinci. Ku mayar da batun tambaya, ku nemo majiya uku, ku rubuta matsaya cikin jimla biyu, da sakin layi ɗaya irin wanda muka nuna a sashe na 7. Sannan ku yi musaya, kowa ya nemo hujja mafi ƙarfi da za ta rusa matsayar ɗan'uwansa, shi kuma ya amsa a rubuce. Wanda ya gama ya kai wa malamin sakandare ko jami'in ilimi na sansani ya duba masa. Masu waya kuma su taimaka wa marasa ita wajen sauke takardu. Allah ya ba da sa'a.